Lod Solsbari, Babban Wazirin Ingila

Duk wanda ya taɓa tashi daga Katsina ya nufi Maraɗi, ko daga Illela ya nufi Birnin Ƙonni, ya san akwai inda za a tsai da shi a hanya a ce masa nan Nijeriya ta ƙare, gaba kuwa ƙasar Nijar ce. Ga shi mutanen wannan gefe da na wancan harshensu ɗaya, suna auratayya, suna cin kasuwannin juna. Mutumin da aka fara shata wannan iyaka da izninsa bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, bai kuwa taɓa aikowa a tambayi mutanenta ba. Wani basarake ne na Ingila, ƙato mai gemu, mai ƙin taro, wanda ya riƙe muƙamin Firayim Minista, watau babban wazirin ƙasar, har sau uku. Sunansa Robert Cecil. Sarautarsa kuwa Turawa suna rubuta ta Salisbury, amma in sun zo faɗi sai a ji Solsbari.

Kafin a shiga labarinsa ya kamata a san yadda sarauta ta ke a Ingila, gama ta sha bamban da ta ƙasar Hausa. A ƙasar Hausa in sarki ya rasu, masu zaɓen sarki su kan zauna su duba cikin 'ya'yan sarauta su fid da wanda ya dace. A Ingila ba zaɓe, ba shawara. Babban ɗa namiji shi ke gado, ko wawa ne, ko yana goye. Shi zai ɗauki sarautar, da gidan, da gonakin, ƙannensa kuwa sai su tafi neman na kansu, wani aikin soja, wani limancin coci, wani aikin lauya. Sarautun nan hawa biyar ne. Diyuk ne babba, sai Makwis ke bi masa, ita ce kuwa sarautar gidansu Robert. A wancan zamani kowane mai irin wannan sarauta a Ingila yana da kujera a Majalisar Sarakai, ɗaya daga cikin majalisu biyu masu yin doka. Ɗayar ita ce Majalisar Wakilai, wadda sai da ƙuri'a a ke shigarta. A lokacin nan doka ba ta zama doka sai ta bi ta cikinsu duka biyu.

Gidan Cecil tsohon gida ne. Kakansu na can farko, William Cecil, shi ne babban mashawarcin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya har shekara 40. Ɗansa ya gaje shi a aikin, shi ne kuma ya gina musu katafaren gidan nan na Hatfield, wajen mil 20 arewa da Landan. Daga nan gidan ya yi shiru, aka yi fiye da shekara 200 bai sake fid da wani mashahuri ba.

A Hatfield aka haifi Robert ran 3 ga Fabrairu, 1830. Ba shi ne magaji ba, yana da wa. Uwarsa ta rasu yana da shekara tara, aka kai shi Eton, makarantar 'ya'yan manya, inda ya sha baƙar wuya. Yaro ne siriri, maras ƙoshin lafiya, mai son littafi, ba ya wasa. Sai sauran yara suka sa shi gaba da duka da zagi, suna tilasta shi ya yi musu aikin da malami ya ba su. Ya yi ta aika wa ubansa da takardun kuka, har dai aka cire shi yana da shekara 15. An ce lokacin hutu in yana Landan ya kan bi lungu, don kada ya gamu da 'yan makarantarsu. Masu bin tarihinsa da yawa suna ganin a nan ya ɗauko abin da ya bi shi har kabari, watau tsoron taron jama'a. Ya ga abin da mutane su kan aikata in sun yi yawa, ba kuwa mai tsawata musu.

Ya shiga jami'ar Oxford, ciwo ya hana shi yin abin kirki. Likita ya ce a sa shi a jirgin ruwa ya sha iska. Cikin 1851 ya tashi, ya ga Afirka ta Kudu, ya ga masu haƙar zinariya a Ostiraliya, ya ga Niyu Zilan, ya komo cikin 1853. A shekarar nan ya shiga Majalisar Wakilai, wakilin wani gari wai shi Stamford. Kada mai karatu ya zaci yawon neman ƙuri'a ya yi. Garin a hannun wani danginsu mai sarauta ya ke, wanda ya nuna shi ke nan. Shekara 15 Robert ya yi yana wakiltar Stamford, ba wanda ya taɓa tsayawa takara da shi ko sau ɗaya.

Cikin 1857 ya yi abin da ya ɓata shi da ubansa. Ya ga wata yarinya, Georgina Alderson, 'yar wani alƙali, mai ilmi da kaifin baki, amma ba dukiya, ba sarauta. Uban ya ce bai yarda ba. Robert ya ce shi kuwa ita zai aura, aka ɗaura aure uban bai halarta ba. To, ga iyali, ga kuɗi kaɗan. Sai ɗan Makwis ya koma cin abinci da alƙalami, yana rubuta wa jaridu sharhi ana biyansa, ba ya ko sa sunansa. Ya rubuta ɗaruruwa. Auren kuwa ya yi albarka, suka haifi 'ya'ya takwas, matar ta zama ita ce ginshiƙinsa duk lokacin da baƙin ciki ya kwantar da shi, gama ya kan yi fama da wannan.

A cikin rubuce-rubucen nan a ke ganin ra'ayinsa tsirara, tun bai sami muƙamin da zai sa shi sakaya magana ba. Shi dai a ganinsa ƙasa kamar kamfani ce, wanda ya fi zuba dukiya shi ya kamata ya fi ƙarfin murya. In aka ba kowa ƙuri'a daidai, matalauta sun fi yawa, za su sa haraji, masu dukiya su biya, daga nan sai ƙwace. Bai yarda duniya gaba ta ke ci ba. Yana ganin duk abin da zai sake, sakewar lalacewa zai yi, saboda haka aikin mai mulki shi ne ya jinkirta canji iyakar ƙarfinsa. Ba ya ɓoye wannan, ba ya kuwa yi masa ado. Jam'iyyarsa ita ce Konsabatib, ta masu ra'ayin 'yan mazan jiya, abokiyar hamayyarta kuwa Libaral.

Ana nan, cikin 1865 wansa ya rasu, bai bar ɗa ba. Robert ya wayi gari shi ne magaji. Shekara ta kewayo aka ba shi Ministan Indiya, yana da shekara 36. Ya kama aiki ke nan ana yunwa a lardin Orissa. Ma'aikatan da ke can suka ce ba a bukatar komi, shi kuwa ya gaskata su, ya yi wata biyu bai motsa ba. Kafin a farga damina ta rufe tashoshin jiragen ruwa, abinci ba ya shiga, mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu. Daga baya shi da kansa ya rubuta cewa bai taɓa iya wanke kansa daga laifin nan ba. Tun daga ran nan ya daina sakin jiki da maganar ƙwararru, soja ne ko likita ko ma'aikacin ofis.

Bai cika shekara a kujerar ba sai rigima ta tashi. Jagoran jam'iyyarsu a Majalisar Wakilai, Benjamin Disraeli, mutum ne mai wayon tsiya, ba ɗan sarauta ba. Ya kawo shirin doka wadda za ta ba magidanta na birane ƙuri'a, har da ma'aikata da leburori, yana cewa an sa mata shinge yadda ba za ta yi ɓarna ba. Wata Lahadi cikin Fabrairu 1867 Robert ya zauna da takarda da alƙalami ya yi ta lissafi gari gari. Ya tarar a ƙananan garuruwa da yawa sababbin masu ƙuri'a za su rinjayi tsofaffin. Cikin Maris ya ajiye aiki, shi da ministoci biyu. Dokar ta wuce, shingen ma duk aka tsige shi, masu ƙuri'a suka kusa ninkawa. Robert ya tashi a Majalisa ya ce wannan cin amana ne wanda ba a taɓa yin irinsa ba, ya kira Disraeli ɗan kasada maras aƙida. Lalle a nan ya nuna shi ba mai kwaɗayin kujera ba ne. Amma abin da ya ji wa tsoro bai auku ba, leburorin Ingila ba su ƙwace gonar kowa ba.

Cikin Afrilu 1868 ubansa ya rasu. Ya zama Makwis na Solsbari na uku, ya gaji Hatfield da ƙasa wajen eka 20,000. Dole ya bar Majalisar Wakilai ya koma ta Sarakai, ko yana so ko ba ya so, gama a lokacin ba hanyar ƙin gado. Sai ya mai da hankali ga gida. Ya gina ɗakin gwaje-gwaje yana wasa da magunguna da lantarki. Gidansa yana cikin gidajen farko a Ingila da aka sa wa wutar lantarki, cikin 1881. An ce in wayoyin rufi suka fara tartsatsi, yara su kan jefe su da matasan kai har su mutu, a ci gaba da hira. Kowace safiya yana cocin gidansa. Tufafi kuwa ba su dame shi ba, sai a gan shi cikin tsohuwar kwat duk ta yamutse. Ba ya kuma gane fuska, har abokan aikinsa na kullum ya kan tambaya ko su wane ne.

Jam'iyyarsa ta ci zaɓe cikin 1874, Disraeli ya zama Firayim Minista, ya aika a kira mutumin nan da ya zage shi. Solsbari ya yi ta jan ƙafa, daga baya ya karɓi tsohuwar kujerarsa ta Indiya. Cikin 1878 aka mai da shi Ministan Harkokin Waje, daidai lokacin da Rasha ta ci Turkiyya da yaƙi, sojanta suna ƙofar Istambul, Ingila kuwa tana shirin faɗa mata. Solsbari ya shirya da Rasha a asirce, ya shirya da Sarkin Istambul a asirce, sa'an nan suka tafi taron Barlin shi da Disraeli an riga an gama ciniki. Rasha ta saki wani abu daga cikin abin da ta ci, Ingila ta sami tsibirin Kuburus, ba a harba bindiga ba. A nan Turai ta san shi. Wannan kuwa ita ce hanyarsa har ƙarshe: a yi ciniki a ɗaki, a ba da abin da ba a damu da shi ba, a riƙe wanda a ke so.

Disraeli ya rasu cikin 1881, jagorancin jam'iyya a Majalisar Sarakai ya faɗo hannun Solsbari. Cikin 1884 Gladstone, shugaban Libaral, ya kawo dokar ba magidanta na ƙauye ƙuri'a. Wannan karon Solsbari bai yi fushi ya fita ba, ya koyi darasi. Sai ya sa Majalisar Sarakai ta tare dokar, ya ce ba za ta wuce ba sai an sake yanka mazaɓu. Aka zauna a gidansa na Landan aka yanka. Unguwannin bayan gari, inda akawuna da masu kantuna da sauran masu ɗan hali ke zaune, suka sami wakilansu na kansu. Ya lura mutanen nan, ko da ya ke ba 'ya'yan sarauta ba ne, suna da abin da su ke tsoron rasawa. Da ƙuri'unsu ya yi mulki. Ya hau cikin Yuni 1885 ya yi wata bakwai, ya komo cikin 1886 ya kai 1892, ya sake komowa cikin 1895 ya kai 1902. Jimla shekara 13 da 'yan watanni. Mutumin da ya ce ƙuri'ar talaka za ta rushe ƙasa, ga shi ya ci babban zaɓe sau uku da ita.

Abin da ya buɗe masa ƙofa shi ne maganar Ailan, tsibirin da ke yamma da Ingila, wanda mutanensa suka daɗe suna neman majalisarsu ta kansu. Cikin 1886 Gladstone ya ce a ba su. Jam'iyyarsa ta tsage biyu, waɗanda suka ƙi suka koma wajen Solsbari. Shi kuwa ya ce abin da Ailan ke bukata mulki ne mai ƙarfi na shekara 20, ya ƙara da cewa akwai al'ummun da ba su isa mulkin kai ba, ya kawo misali da wata kabila ta Afirka ta Kudu da kuma mutanen Indiya. Bakinsa ba linzami. Cikin 1888 ya yi wa wani Ba'indiye mai neman kujera a Landan, Dadabhai Naoroji, gorin launin fata, ya ce bai ga ranar da Ingilishi za su zaɓi baƙin mutum ba. Shekara huɗu bayan haka suka zaɓe shi. Da Gladstone ya sake kawo dokar Ailan cikin 1893 ta wuce Majalisar Wakilai, Solsbari ya tara masu sarauta, har waɗanda suka yi shekaru ba su leƙa majalisa ba, suka kashe ta da ƙuri'a 419, masu so 41. Ailan ba ta sami abin da ta nema ba sai bayan an zub da jini, shekara kusan 30 gaba.

Ya iya haƙuri da mutum har ya rataye kansa. Ministan Kuɗinsa, Lod Randolph Churchill, uban Winston Churchill, saurayi ne mai farin jini, yana ganin gwamnati ba ta tsayawa sai da shi. Cikin Disamba 1886 ya aiko da takardar barin aiki, yana zaton za a zo a lallashe shi. Solsbari ya amsa ya ce ya karɓa, ya naɗa wani. Randolph bai sake riƙe muƙami ba har ya mutu. Ba kuwa za a ce zamanin Solsbari ba a yi wa talaka komi ba. Cikin 1888 aka kafa majalisun larduna na zaɓe, cikin 1891 aka ɗauke kuɗin makarantar firamare. Ya kan ba da kaɗan ne don kada a karɓi da yawa.

Amma zuciyarsa tana ga harkokin waje. Yawancin shekarunsa ya haɗa kujerar Firayim Minista da ta Ministan Harkokin Waje, yana aiki shi kaɗai, sau da yawa daga Hatfield. Zamanin nan ne Turawa ke wawar Afirka. Shi a ransa abin da ya fi muhimmanci Masar ce da kogin Nil, domin hanyar Indiya. Sauran wurare kayan musaya ne. Cikin 1890 ya ba Jamus wani ɗan tsibiri a tekun arewacin Turai, Heligoland, aka bar masa Zanzibar da hanyar Uganda. Faransa ta ce ita ma tana da magana a kan Zanzibar, sai an biya ta. Biyan nan shi ya taɓa ƙasar Hausa.

Ga yadda abin ya ke. Akwai wani kamfanin Ingilishi a kogin Kwara, na Sir George Goldie, wanda gwamnati ta ba takardar iznin mulki cikin 1886. Kamfanin yana riƙe da waɗansu takardu da wakilinsa Joseph Thomson ya komo da su daga Sakkwato da Gwandu cikin 1885, yana cewa sarakunan sun sallama masa ƙasa. Su kuwa mutanen Sakkwato abin da suka sani izni ne na ciniki suka ba baƙi, kamfanin ma ba shi da ko rumfa a Kano. Da takardun nan Solsbari ya yi ciniki. Ran 5 ga Agusta, 1890, aka sa hannu a Landan. Aka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Baruwa a bakin tafkin Cadi. Arewa da layin na Faransa, kudu na kamfani, da sharaɗin duk abin da ke na daular Sakkwato bisa gaskiya ya faɗa wajen Ingila. Ina ne iyakar daular Sakkwato? Ba wanda ya sani cikin masu sa hannun. Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba yana kan gado a lokacin, ba wanda ya aika masa.

Solsbari da kansa ya san abin dariya ne. Cikin watan nan, a wata liyafa a Landan, ya gaya wa mutane cewa sun yi ta jan layi a taswira a wuraren da Bature bai taɓa takawa ba, suna yi wa juna kyautar duwatsu da koguna da tafkuna, abin da ya ɗan dame su kawai shi ne ba su san inda duwatsun da kogunan su ke ba. A Majalisar Sarakai kuma, da aka ce ya ba Faransa ƙasa mai yawa, ya ce ai irin ƙasar nan ce da manoma ke kira jigawa maras nauyi, watau hamadar Sahara. Jakadan Faransa ya ji haushi, ya rubuto masa cewa ko da gaskiya ne, ba sai an faɗa a bainar jama'a ba.

Faransawa ba su haƙura ba. Suka aiko wani hafsa, Monteil, ya bi layin da ƙafarsa, ya ratsa Sakkwato da Kano cikin 1891, ya kai Kukawa, ya koma ya ce bai ga alamar mulkin kamfani ba. Daga nan sai tsere. Cikin 1894 Kyaftin Lugga ya riga Faransawa isa Nikki a ƙasar Bargu da 'yan kwanaki. Cikin 1897 Faransawa suka zauna a Busa. Ministan da ke kula da ƙasashen da Ingila ke mulki, Joseph Chamberlain, mutum ne mai zafi, ya sa Lugga ya kafa rundunar soja, aka wayi gari tutar Ingila da ta Faransa suna kallon juna a ƙauyukan Bargu. Chamberlain ya ce ko yaƙi a yi. Solsbari ya ƙi. Da magana ta tsaya a kan garin Illo, ya rubuta masa cewa ba wata ganima a can sai a mafarkin Goldie, ɓata shiri da Faransa kuwa zai ƙara musu wahala a Nil. Ran 14 ga Yuni, 1898, aka daidaita a Faris. Nikki ta tafi Faransa, Busa da Illo suka zauna wa Ingila. A arewa kuwa aka kafa tsinken kamfas a kan Sakkwato aka zana baka mai nisan mil 100, aka ce iyaka ke nan.

Wata uku bayan haka aka ga dalilin sassaucinsa. Kitchener ya ci mutanen Mahadi a Omdurman ran 2 ga Satumba, ya haura Nil ya tarar da wani hafsan Faransa, Marchand, ya kafa tuta a Fashoda. A nan Solsbari bai ba da ko taƙi ba. Jiragen yaƙin Ingila suka yi shiri, Faransa ta janye. Cikin Maris 1899 aka raba: Wadai ta Faransa, Darfur wajen Ingila.

Layin takarda sai an bi shi da bindiga. Cikin 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa ta arewa tana ƙone garuruwa, Birnin Ƙonni yana cikinsu. Gwamnatin Solsbari kuma ta karɓe mulki daga hannun kamfani, ta biya shi fam 865,000. Ran 1 ga Janairu, 1900, aka sauke tutar kamfani a Lakwaja aka ɗaga ta Ingila, Lugga ya zama shugaban ƙasar da yawancinta bai riga ya ci ba. Bakan nan na mil 100 bai daɗe ba, gama Faransawa sun tarar hanyarsu daga Kwara zuwa Damagaram ba rijiyoyi. Cikin 1904 da 1906 aka turo iyakar kudu, Ƙonni ta koma hannunsu. A waɗansu wurare iyakar ta dace da tsohuwar gaba, don Maraɗi da Tsibiri da Damagaram dā ma ba sa bin Sakkwato. A waɗansu kuwa ta bi ta tsakiyar dangi.

Ƙarshen mulkinsa bai yi masa daɗi ba. Cikin Oktoba 1899 aka shiga yaƙi da Turawan Bowa a Afirka ta Kudu, yaƙin da aka zaci na 'yan watanni ne ya ci kusan shekara uku. Ɗansa Edward yana cikin waɗanda aka yi wa ƙawanya a Mafeking. Cikin Nuwamba matarsa ta rasu. Jiki ya yi nauyi, ya kan yi gyangyaɗi a majalisa, motsa jikinsa kuwa keke ne mai ƙafa uku, in an zo hawa bara ya tura shi. Cikin 1900 ya saki Harkokin Waje, ya cika gwamnati da danginsa, har mutane suka riƙa yi mata ba'a suna kiranta masaukin gidan Cecil. Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi masa tayin sarautar Diyuk sau biyu yana ƙi, ta rasu cikin Janairu 1901. Ya jira aka gama yaƙi ran 31 ga Mayu, 1902. Ran 11 ga Yuli ya sauka, ɗan 'yar'uwarsa Arthur Balfour ya hau.

Kano ta faɗi cikin Fabrairu 1903, Sakkwato cikin Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi ran 27 ga Yuli. Ba a yi wata guda ba Solsbari ya rasu a Hatfield, ran 22 ga Agusta, yana da shekara 73. Aka binne shi kusa da matarsa a makabartar cocin garin.

Shi ne na ƙarshe da ya mulki Ingila daga Majalisar Sarakai tun hawa har sauka. Cikin 1911 aka karɓe wa majalisar nan ikon kashe doka, aka bar mata na jinkirtawa. Cikin 1963, da aka naɗa wani mai sarauta, Lod Home, Firayim Minista, sai da ya tuɓe sarautar ya nemi ƙuri'a. Birnin da aka sa wa sunan Solsbari a Rodeshiya cikin 1890 ya koma Harare cikin 1982. Da gwamnati ta tashi korar masu kujerar gado daga majalisa, jagoran 'yan Konsabatib a can jikan jikansa ne, shi ma Robert Cecil. Ya zaga ya shirya da gwamnati a asirce, shugaban jam'iyyarsa ya ji ya sallame shi cikin Disamba 1998. Amma shirin ya tsaya, dokar 1999 ta bar wa masu gado kujera 92.